Dokar Baƙo a Gidan Ƙosau

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ɗan Adam hannu biyu, bai ƙara masa na uku ba. Ni ne Arzika ɗan Nomau, maƙeri, mutumin Tsaunin Tama. Sai da furfura ta fara fito mini na koyi riƙe alƙalami, saboda haka duk inda mai karatu ya ga zancena ya yi tuntuɓe, ya yi mini afuwa. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Ina da ƙane guda, sunansa Jatau. Gwanin dara ne, kuma mai bakin tsiya. Ya ji labarin wani birni wai shi Zangarma, can bayan Tafkin Gishiri, inda mutum kan sami girma ta hanyar wasa kawai, sai ya ɗaura wandonsa ya tafi, muna hana shi yana dariya. Bayan damina biyu wasu fatake suka kawo wa mahaifiyarmu hularsa, suka ce mai hular bai mutu ba, amma ya zama itace a gidan wani mutum da ake kira Ƙosau. Ban yarda da fataken ba. Amma tsohuwa ta daina cin abinci, ta zauna bakin ƙofa da hular a cinyarta. Ranar da ta cika kwana shida a haka na kashe wutar maƙera, na soke wuƙar da na ƙera da hannuna a ƙugu, na kama hanya.

Kwana arba'in na yi ina tafiya. Na ƙetare Kogin Rairayi, wanda yashi ke gudana a cikinsa maimakon ruwa, a cikin ƙoƙon bayan wani kunkuru da ya kai ɗaki girma. Mai fiton ya yi ta yi mini fara'a, wannan ya sa ban saki ƙotar wuƙata ba har muka kai gaci. Na ratsa wani kurmi inda itatuwa ke maimaita duk abin da matafiyi ya faɗa jiya, na yi kwana uku ban buɗe baki ba, ko atishawa danne ta nake yi.

Da hantsi na isa ƙofar Zangarma. Masu gadinta karan dawa ke hannunsu. Suka karɓe wuƙata, suka rubuta a allo cewa baƙo ya zo da makami guda. Na tambayi dalili, babbansu ya ce shekara ɗari biyu da suka wuce yaƙi ya kusa ƙarar da su, sai kakanninsu suka kulle duk ƙarfen yaƙi, suka rantse a gaban aljanun ƙasar cewa daga ranar duk rigima a kan faifan wasa za a yi ta. Aljanun ne kuma ke zartar da abin da aka ci a wasa. Ya ƙara da cewa ba a shiga gidan Ƙosau sai an ci wasa a gida biyu.

Gidan farko na wata tsohuwa ne mai suna Tabawa, mai sassaƙa 'yan itacen da ake wasan da su. Ta dube ni tun daga rawani har takalmi ta ce, "Kai ɗan'uwan mai surutun nan ne. Hancinku ɗaya. Zauna, ɗan nan."

Na zauna inda bayana ke jingine da bango, ƙofa kuma tana gabana.

Ta shimfiɗa wani faifai mai faɗin tabarma, an zana masa duwatsu da koguna da hanyoyi. Ta koya mini yadda abin yake. Kowane ɗan wasa yana da ɗan itace guda, shi ne jaruminsa, da bakinsa zai yi magana, ya faɗi abin da zai aikata. Akwai kuma Mai Labari, wanda ke faɗin inda jaruman suke da abin da ya same su. Idan aka zo sara, sai a jefa wuri, irin wanda ake kuɗi da shi. In ya faɗi bakinsa a sama, sara ya kama. In ya kife, an kuskure. Rauni uku ke kayar da jarumi. Wannan shi ne abin da duk birnin ya yarda da shi. Sauran kuwa, kowane gida da dokarsa ta makamai. A gidanta mashi ne ke fara jifa saboda tsawonsa, garkuwa tana shanye sara guda, takobi kuma in ya kama sau biyu a jere ya dakushe, sai an bar jifa ɗaya an wasa shi.

Na ce, "Iya, takobin da ya dakushe a sara biyu, ai maƙerinsa ya cuci mai shi."

Ta ce, "Mu nan ba wanda ya taɓa riƙe takobi. Abin da muka ji a bakin kakanni shi muke sa wa doka." Ta kafa mini ido tana kallona, kallon da ban so ba.

Muka buga. Ta sa ni a kan wata gada, jaruminta ya tare ni, na ci ta cikin jifa biyar. Sauƙin cin ya dame ni ƙwarai. Na ce a raina tsohuwar nan da gangan ta faɗi, kuma mutum ba ya faɗuwa da gangan sai yana da abin da yake nema.

Gida na biyu na wani wanzami ne, Bagudu, gajere mai yawan dariya. Abin da ake ci a gidansa gemu ne. Ya tarbe ni da ruwan sanyi a moɗa. Na shinshina, na ɗanɗana da harshe, na jira na ga ko kaina zai juya, sannan na sha. Da muka zauna ya ce, "To, maƙeri, a gidan nan duk wanda ya sha ruwan mai gida, jaruminsa ya cika ciki, ba ya iya zare makami sai an jefa masa sau biyu."

Na ce, "Ba ka faɗa mini ba!"

Ya ce, "Ka tambaya?"

Ya cinye ni. Ban ga aska ba, ban ji hannu ba, sai iska kawai na ji a haɓata. Na shafa na ji ta sumul kamar ta jariri. Gemun da na yi shekara ashirin ina kiwo ya tafi. Bagudu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce mini al'adar Zangarma ke nan: ba a faɗa wa baƙo doka sai ya tambaya, amma in ya tambaya, ba wanda ya isa ya yi masa ƙarya, don aljanu suna saurare.

Washegari na koma. Tun daga safe har azahar ina tambaya. Wane makami ke fara jifa? Kibiya tana aiki a cikin ɗaki? In jarumi ya ja da baya, ana sarar sa? In na yi tari fa? In na zauna a kan wannan tabarma ba waccan ba? Bagudu ya gaji har ya ce, "Don girman iyayenka mu buga, mutane na jiran aski." A cikin tambayoyin na gano cewa a gidansa mai gajeren makami, in ya matso jikin abokin gaba, jifa biyu yake da shi. Na sa jarumina ya rungume nasa, na cinye shi. Gemuna dai bai dawo ba.

Ina fitowa na tarar da Tabawa a inuwar wata tsamiya tana jirana. Ta ce, "Gobe za ka wurin Ƙosau. Ka saurare ni. A gidansa kowane makami yana da jifan wuri guda. Duk wanda Ƙosau ya cinye kuma, makaminsa ya zama na Ƙosau. Yanzu jaruminsa na ɗauke da tara, kai kuwa wuƙa guda aka rubuta maka a ƙofa. Kafin ka zauna ka tambaye shi dokar baƙo." Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini wani tsohon wuri da ya yi ja don daɗewa. "Kuma da wannan za ka yi jifa. Kada ka taɓa nasa."

Na ce, "Iya, me za ki samu a ciki?"

Ta ce, "Kai dai karɓi."

Na karɓa don kunya, na jefa a aljihu. Amma na ƙudura a raina ba zan yi jifa da shi ba. Matar da ta faɗi da gangan, ta ƙi faɗin dalilinta, kuma ita ce ke sassaƙa 'yan itacen garin, ta yaya zan ɗora ran ƙanena a kan wurinta?

Gidan Ƙosau soro ne mai tsawo, bangonsa duk kantoci, a kan kantocin kuma 'yan itace sun fi ɗari, kowane da fuskarsa daban. Mutanen gari sun cika zauren. Ƙosau kansa ƙaton mutum ne mai laushin murya da tattausan hannu. A gefensa ga Mai Labarin gidan, wani dogon dattijo mai farin rawani.

Ƙosau ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo marar gemu. In ka ci, ka tafi da ɗan'uwanka. In na ci, ga gurbinka can kusa da shi, na sa an share ƙurar."

Aka sauko da Jatau, shi ne zai zama jarumina. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, amma ga hancinmu, ga tabon da na yi masa da awartaki muna yara. Da aka ɗora shi a faifai sai ya motsa, ya ɗaga kai, ya yi magana da 'yar murya kamar ta sauro.

"Yaya? Kai ne? Ina gemun?"

Na ce, "Rufe mini baki."

Ya dubi 'yar wuƙar itacen da aka maƙala masa ya ce, "Kwana arba'in ka yi a hanya, kana maƙeri, abin yankan albasa ka kawo mini?"

Aka ajiye jarumin Ƙosau a gabansa, an rataya masa takobi biyu, da mashi, da baka, da gatari, da barandami, da kulki, da adda, da majajjawa. Ban zauna ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, mece ce dokar baƙo a gidan nan?"

Murmushin Ƙosau ya tsaya a inda yake. Mai Labari ne ya amsa, ya ce baƙon da ya zo daga wajen ganuwa yana da ikon ƙara doka guda a dokokin gida, in har zai iya nuna gaskiyarta a gaban shaidu. In ta tabbata, ta zauna a allon gidan har abada, mai gida da baƙo duk ta hau kansu. Ya ce shekara talatin ba wanda ya tambaya.

Na tsaya ina kallon ƙaton ɗan itacen nan da kayansa. Sai na tuna da wani maharbi da ya taɓa zuwa maƙerata ya sayi abu huɗu, ya kasa fita ta ƙofa da su. Na ce, "Dokata ita ce: jarumi hannu biyu gare shi. Duk makamin da ya haura biyu, sai ya bar jifa guda ya sauke shi kafin ya iya sara."

Ƙosau ya yi dariya ya ce, "Jarumi na gaske yana ɗaukar ashirin. Haka kakanni suka faɗa."

Na ce, "A buɗe taskar da kakanni suka kulle makamai a kawo na gaskiyan. Ranka ya daɗe ya ɗauka da kansa, a ajiye kabewa a nan, ya tako daga can ya sare ta."

Mai Labari ya ce hakkina ne. Aka kwaso makaman, mutane na ja da baya kamar an kawo macizai. Aka rataya wa Ƙosau. Tun kafin ya ɗaga ƙafa gumi ya karyo masa. Taku na biyu gindin mashi ya shiga tsakanin ƙafafunsa. Ya kai hannu zai zare takobi, tsirkiyar baka ta riƙe masa gwiwar hannu, igiyar majajjawa ta naɗe ƙotar gatari, kulki ya zame ya daki babban yatsansa na ƙafa. Ya zube ƙasa da ƙara kamar an watsar da kayan maƙera. Kabewa tana nan lafiya lau.

Mai Labari ya ce, "Doka ta tabbata." Ya ɗauko tawada zai rubuta. Na leƙa na ga tawadar ta yi ruwa-ruwa, irin wadda ke dushewa kafin kaka. Na ce a'a, ni zan rubuta. Na sa aka kawo garwashi, aka karɓo mini wuƙata daga masu gadin ƙofa, na gasa tsininta, na ƙona dokar a jikin allon harafi bayan harafi. Na daɗe ƙwarai, don hannuna a rubutu ba mai sauri ba ne, kuma sai da na karanta sau uku kafin na yarda.

Muka zauna. Mai Labari ya ce, "Ga ku a bakin wata rijiya da tsakar rana. Jarumin mai gida yana sauke kaya. Baƙo yana da jifa bakwai."

Ƙosau, yana murza yatsan ƙafarsa, ya turo mini wani wuri fari tas a kan ƙaramin akushi. Na tuna da na aljihuna, na tuna da kallon Tabawa. Na hango ta a cikin taro tana girgiza mini kai. Na ce a raina wannan an ba ni shi a gaban mutane ɗari, wancan kuwa a ɓoye aka ba ni a gindin tsamiya. Na ɗauki na Ƙosau.

Na ce, "Ina kai masa suka a ciki." Na jefa, ya kife. Na sake, ya kife. Na uku ya kife.

Jatau ya ce, "Yaya, iska nake ta suka! Ko hannun naka ma an aske shi ne?"

Na huɗu ya kife. Na biyar ya kife. Jarumin Ƙosau ya sauke makami biyar, saura biyu ya miƙe. Sai a lokacin na tsaya na auna wurin a tafina kamar yadda nake auna ƙarfe. Nauyinsa ya wuce girmansa. Na kankare bakinsa da farce, farin alli ya fita, dalma ta bayyana a ƙarƙashi.

Na ɗaga shi sama na ce, "An ɗura wa wurin nan dalma!"

Mai Labari ya ce, "Haka ne. Ba ka tambaya ba."

Na ce, "Baƙo yana iya jifa da nasa?"

Ya ce, "Yana iyawa. Jifan da ya wuce kuwa ya wuce."

Na ciro jan wurin. Na shida ya buɗe baki, tsaga ta fito a ƙirjin jarumin Ƙosau. Na bakwai ya buɗe baki, tsaga ta biyu. Saura guda, amma rabona ya ƙare.

Ƙosau ya ce, "Ina sara da takobi biyu." Ya jefa wuri biyu, na aljihunsa, ba masu dalma ba. Ɗaya ya kife, ɗaya ya buɗe. Wani ɗan ɓallin itace ya fita daga gefen kan Jatau, ɗigon jini ya biyo baya. Jatau ya yi ƙara.

Na jefa nawa, ya kife. Zuciyata ta ce ka gani, tsohuwar ma ta yaudare ka. Ƙosau ya sake jefawa, ɗaya ya sake buɗewa, yatsu biyu suka fita daga hannun hagun ƙanena. Rauni biyu da biyu. Na ji ƙafafuna sun fara sandarewa, ban sani ba ko tsoro ne ko aljanu ne suka fara aikinsu.

Ƙosau ya ce a hankali, "Wurin tsohuwar ya gaji. In kawo maka wani sabo?"

Jatau bai yi ba'a ba a wannan karon. Ya ce, "Yaya, jefa kawai."

Ban dubi kowa ba. Na yi bisimilla, na ce, "Ina suka," na saki jan wurin. Ya gangara har bakin faifai, ya tsaya a gefensa yana lilo, sannan ya kwanta bakinsa a sama.

Jarumin Ƙosau ya rabe biyu. Kafin na ɗaga kai sai ga Jatau zaune a tsakiyar faifan da cikakken jikinsa, ya murƙushe duwatsu da kogunan da aka zana, hannu ɗaya a kan inda kunnensa yake a da.

Ban gama ɗaure masa raunin ba na ga mutanen gari sun yi layi tun daga gaban faifan har waje. Tabawa ce a gaba. Ta miƙo mini hannu, na sa mata wurinta. Ta nuna wani ɗan itace a kanta ta sama, wanda ƙura ta rufe, ta ce, "Mijina ne. Shekara talatin. Ɗan gari ba shi da ikon ƙara doka, kuma duk baƙon da na faɗa wa, dariya yake yi mini, ɗan'uwanka ma haka. Kai ne na ga ka san nauyin ƙarfe. Yanzu kowa zai iya zama gaban Ƙosau hannu biyu da hannu biyu."

Na ce, "Iya, me ya hana ki faɗa mini jiya?"

Ta ce, "Da na faɗa, da ka yarda?"

Ta zauna gaban Ƙosau, ta gyara zanenta, ta fara tambayarsa dokokin gidansa ɗaya bayan ɗaya.

Mun iso gida bayan kwana arba'in da uku, mahaifiyarmu ta ci tuwo a ranar. Gemuna ya sake tsirowa a shekara ta biyu. Kunnen Jatau da yatsunsa ba su tsiro ba. Yanzu shi ke zuga mini wuta a maƙera da hannun dama. Duk sa'ad da na tsaya ina jujjuya maganar wani ina neman abin da ke ƙarƙashinta, sai ya karkato mini da gefen kansa na hagu ya ce, "Yaya, faɗa wa wannan kunnen, shi ya fi sanin halinka."

Nan na ajiye alƙalami. Allah ya yafe abin da na kuskure a rubutu, da jifa biyar ɗin nan da na kuskure a Zangarma.